Tsohuwar Kwamfutar Mai Rubuta Wasiƙu

Matso kusa, ɗan'uwa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. A wani gari da na taɓa yin damina biyu, sunansa ya kwanta mini, amma ina tuna akwai rimi a bakin tasha, an yi wani mutum mai rubuta wa jama'a wasiƙa a ƙofar gidan waya. Wanda bai yi boko ba sai ya tsuguna gabansa, ya rage murya, ya amayar da abin da ke cikinsa. Da tafireta ya fara, daga baya ya sayi kwamfuta irin ta farko, mai ƙatuwar ƙeya, ya ajiye ta a ɗakinsa yana karɓar mutane a can. Bai taɓa goge komai ba, don mai wasiƙa kan dawo ya ce ba ta isa ba, a sake bugawa. Shekara ashirin, ko da biyu ne, asirin rabin garin yana kwance a cikinta. Har da wasiƙar wata mata zuwa ga yayanta, tana haɗa shi da Allah kada ya taɓa gaya wa ɗanta cewa tsintarsa ta yi a bakin rafi. Ɗan ya girma, shi ke jan salla a masallacin unguwa, bai san komai ba.

Da wayar hannu ta kashe sana'ar, sai tsohon ya ji ana aika wasiƙa ta intanet, ya ce shi ma zai gwada. Mai gyara ya zo, ya duba, ya ce, "Baba, wannan ai ɗaki ne ba ƙyaure. In na haɗa ta, mai son leƙowa zai leƙo." Tsoho ya yi dariya. A saninsa, wasiƙa ba ta barin hannu sai an sa ta a ambulan, an manna mata kan sarki. Kwana uku mai gyara yana yawon neman wayar da za ta dace da bayanta. Da ya samu, ya huda bango, ya zuro ta, ya jona.

Wata rana da hantsi tsohon yana shan kunu, hannayensa biyu na riƙe da kwano, sai ya ga 'yar kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta motsa da kanta. Tana tafiya a hankali, kamar mai lalube a ɗakin da ba nasa ba. Ta buɗe wasiƙa, ta rufe, ta buɗe wata. Ya waiga, ba kowa a ɗakin. Da ya juyo, sunan matar nan ne a gabansa. Kwanon ya suɓuce, ya yi wuf ya fincike wayar daga bango. Ya tafi wajen mai gyara ko takalmi babu, yana tambayar wa ya shigo, me ya ɗauka. Mai gyara ya ce, "Allah kaɗai ya sani, Baba. Ƙila bai kwashi komai ba, ƙila ya kwashe duka. Ƙila yana bayan teku, ƙila yana bayan gidanka."

Ya sa taɓarya ya farfasa kwamfutar, ya binne tarkacen, ya liƙe hudar da laka. Bai rage masa komai ba. Sau biyar a rana yana tsayawa bayan liman, ɗan matar nan. In an sallame, wani ya zaro waya ya nuna wa na kusa da shi, sai gaban tsohon ya faɗi. In ya hangi matar tafe da sandarta, sai ya sake hanya. Ya koma sahun baya, daga nan ya koma salla a gida. Har na bar garin maganar ba ta fito ba, amma shi ya rame kamar kara, kowace sallama a ƙofarsa sai ya ɗauka maganar ce ta fito.

Shekara ashirin amana tana kwance lafiya, huda guda ta raba shi da barci. Shi ya sa masu iya magana suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.