Aikin Maigida na Ƙarshe

Ranar Talata da hantsi hoton ya ɗauke. Tana kan keken ɗinki, kunnenta na wajen labarai, sai murya ta yanke, talabijin ta koma shuɗi fayau. Ta ɗauka ko ƙarar motar rusau ce ta jijjiga waya, don tun safe masu faɗaɗa titi suke ta ɓarin rumfunan bayan layi. Ta ce a ranta zai dawo. Ai kullum yana dawowa.

Kwana biyar bai dawo ba.

Shekara uku ke nan da mijinta ya hau rufin nan zai kafa musu dish, farantin kama tashoshin talabijin, bayan ya gama kafa wa rabin unguwa. Haka aikinsu yake: ɗaya a sama yana juya farantin a hankali, ɗaya a ƙasa riƙe da tsani, wani kuma a ɗaki yana kallon talabijin yana ba da amsa. Dogo, abokin sana'arsa mai shagon da ke jingine da katangar bayansu, shi ne a gindin tsani. Ita ce a ɗaki. Sau uku maigidan ya kwaɗo tambaya, sau uku ta ce masa bai kawo ba, ya ƙara juyawa. Bai yi ta huɗu ba.

Ana zaman makoki Dogo ya yini yana kai da komo ta bayan gida, wai yana kwashe kayan aikin marigayi. Da mutane suka watse, ta kunna talabijin don kawai ta ji motsi a gidan, sai ga hoto tar, ko ɗigo babu. Ta zube a ƙasa tana kuka. Ashe juyin ƙarshen nan ya kama! Ashe bawan Allah ya gama aikinsa kafin ya faɗo, muryarta ba a banza ta tura shi bakin rufi ba. Da wannan take iya haɗiye abinci.

Laifin kuwa ta tattara ta ɗora wa mai riƙe tsani. Tun ranar ba ta sake amsa gaisuwar Dogo ba.

Akwai abin da ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba. Duk sa'ad da aka yi iska hoto ya fara rawa, washegari da rana tsaka takan ji kwanon rufi yana amsa taku, a hankali, irin na wanda ya san inda ƙusa take. Sai ta tsayar da keke, ta ƙi ko leƙawa. Takun zai ɗauke, hoto ya daidaita. Tsoro take ji, wallahi, amma ta fi tsoron ranar da ba za ta ji shi ba. A kwana biyar ɗin nan rufin ko ƙas bai yi ba.

Ƙanwarta ta zo ta same ta zaune gaban shuɗin allo.

"Yaya, wannan zaman gadin fa? Ko dai ki kira Dogo, ya san dish ɗin, nan da awa guda an gama, ko ki kira kamfani su zo da kayansu. Amma ki sani, su kamfani ba sa lallashin tsohon ƙarfe, cirewa suke yi."

"Babu mai cire min shi."

"To Dogo ke nan."

"Allah ya kiyaye."

Ta kira kamfani, da sharaɗin dubawa kawai za a yi. Suka ce sai Litinin.

Yadda maganar ta isa kunnen Dogo, Allah masani. Ranar Lahadi sai ga shi a bakin ƙofa, ƙura har gira, ya rame kamar an yi masa wanki da duka. Kansa a ƙasa ya yi sallama.

"Matar yaya, don girman Allah ki ba ni kwana biyu in samu inda zan ajiye kayana tunda an rushe min shago, ni zan gyara. Kada ki bari wani ya hau rufin nan."

Me ke sama da ba ya so a gani? Shekara uku tana zarginsa, yau ga shi da bakinsa yana neman a rufa masa asiri. Ta tura ƙofa ta sa sakata. Ya daɗe a tsaye, tana hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofar.

Litinin ma'aikacin kamfani ya iso da rigar aiki da na'urar auna sigina a wuya. Ƙanwar ta riƙe masa tsani, ita kuwa ta tsaya a tsakar gida, hannunta a ƙirji, don ɗakin nan ba za ta sake zama cikinsa wani yana sama ba. Ya taɓa farantin, ya duba na'urarsa, ya sake dubawa. Daga nan ya bar dish ɗin ya bi ta gefen rufi a durƙushe, yana jan wani abu, har ya ɓace ta baya.

Da ya sauko, da guntun waya a hannunsa, bakin wayar a tsinke.

"Mama, wa ya kafa muku wannan?"

"Maigidana," in ji ta. "Shi ne aikinsa na ƙarshe."

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙanwar, ya rasa inda zai sa ido.

"Allah ya ji ƙansa. Amma Mama, bai gama ba. Inda farantin nan yake kallo babu komai, bai taɓa kama hoto ko na minti ɗaya ba. Wayar da ke shiga ɗakinki ba daga jikinsa ta fito ba. Ta bi bayan rufi ne ta tsallake katanga, an ɗaure ta tsaf gaɓa-gaɓa, har cikin shagon nan da aka rushe."