Bayan Kwalin Mai Labari

Ɗigon rai biyu ne suka rage wa Mai Fitila kafin ya mutu a wasan, kuma duk wanda ke teburin ya san haka.

Mai Fitila jarumi ne na takarda. Mai riƙe da takardar kuwa tsohon direban bas ne, da furfurarsa da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Shekara talatin ya yi yana tuƙi a hanyoyi masu kwana, bai taɓa haɗa gumi irin na wannan Asabar ɗin ba.

Wasan ba wuya a baki. Kowa ya ɗauki jarumi daga mujallar zane da ke fitowa duk Laraba. Mai Labari ya faɗi abin da ke faruwa, kai kuma ka ce ga abin da jaruminka zai yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Teburin 'yan koyo yana can bayan shagon littattafai, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda jaruminsa ya mutu ya tashi, na kan layi ya zauna. Mutum sha ɗaya ke jira.

Direba ba ya son tashi. Wannan kujerar ta roba ita ce abin da yake kwana da shi yake tashi da shi. Sai da ya yi wata bakwai a layi kafin ya same ta, yana zuwa duk Laraba ya sayi sabuwar fitowa, ya karanta a tsaye jikin kanta, yana bin harafi da yatsa. Shi da ya taɓa tara irin waɗannan mujallu na ɗansa a tsakar gida ya ƙyasta musu ashana, yau ya fi yara sanin wane ne ƙanin wane a ciki.

Mai Labari matashi ne siriri, mara fara'a, a ɗakin ajiyar shagon yake kwana. Kowa ya san shi da rashin sassauci. Makon jiya ya kashe jarumin wani malamin makaranta ko gezau bai yi ba. Yana zaune a bayan wani kwali da aka lanƙwasa gida uku, can yake jefa ɗan lidon abokan gāba inda ba mai gani, abin da ya ce ya fito shi ne ya fito. A tebur ba ya kiran kowa sai da sunan jaruminsa. Direba kuwa, Mai Labari ko kallonsa ba ya yi.

"Gada ta tsage," in ji Mai Labari, idonsa a kan takardunsa. "A ɗaya gefen ga matsafi tsaye, wanda ku masu tsaron gada kuka kora tun yana ɗalibinku. Wuta na ci a tafin hannunsa. Mai Fitila, kai ne a gaba. Me za ka yi?"

Wata nas da ke zaune kusa da Direba ta sunkuyo. "Baba, ka gudu, ka koma bayana. Ina da garkuwa."

"Ko ka maka masa fitilar," in ji telan da ke gefe.

Direba ya san shawarar Nas ce daidai. Sau uku ya karanta fitowar wannan makon, kuma a cikinta mai tsaron da ya gudu shi kaɗai ya tsira. Tsoro ya cika shi fal. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ɗan yi gyaran murya.

"Zan ajiye fitilar a ƙasa," ya ce. "Zan ce masa, ni ne na yi kuskure. Ban san darajar abin da ke hannunka ba, na wulaƙanta shi, na wulaƙanta ka. Ka yi haƙuri."

Tela ya dafe kai. Nas ta ja numfashi ta ce, "Shi ke nan, Baba ya kashe kansa."

Mai Labari ya ɗauki ɗan lido. "Matsafi ya riga ya ɗaga hannu. Goma zuwa sama, wuta ta same ka."

Ya jefa. Ɗan lidon ya gangara a bayan kwali, ya bugi wani abu, ya tsaya. Ba ka jin komai sai fanka. Direba ya riƙe gefen kujerarsa da hannu biyu, ya ƙura wa kwalin ido, bakinsa na motsi. Mai Labari ya daɗe yana kallon abin da ke gabansa, har Tela ya fara miƙa wuya.

"Uku," ya ce. "Ta wuce ta gefen kunnenka. Nan za mu tsaya yau."

Nas ta tafa, Tela ya ce wannan sa'ar ta fi ƙarfin ɗan koyo. Direba ya ninke takardarsa a hankali ya sa a aljihun gaba. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya ko za a ce masa wani abu. Ba a ce ba, ya fita.

Mai shago ya zo kwashe kujeru. Da ya ɗaga kwalin sai ya tsaya cak. Ɗan lidon na nan yadda ya faɗi, ashirin ce a sama.

"Shekara huɗu kana wannan teburin," ya ce, "ban taɓa ganin ka yi ƙarya a bayan kwalin nan ba."

Mai Labari ya ɗauki ɗan lidon ya damƙe shi a hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni ma tun da aka haife ni ban taɓa jin mahaifina ya ba wani haƙuri ba sai yau."