Kimonon Haya a Kyoto

A kan matakalar haikalin Kiyomizu wata tsohuwa ta ja hannun Malam Onodera, ta nuna masa ƙirjin jikarsa Chiharu. Ya duba. An ɗora ɓangaren dama na kimononta, rigar gargajiyar da suka ɗauko haya, a kan na hagu. A Japan gawa kaɗai ake yi wa haka.

Ashe tun safe yarinyar ke yawo a Kyoto da shigar matattu. Da ita ta ratsa jajayen ƙofofin haikalin Fushimi, da ita aka ɗauke ta hotuna, tana tsokanarsa wai tsoho ya kasa hawa tudu.

Ya ja ta suka koma shagon haya. Shi mutum ne da ya koyar a wani garin bakin teku can arewa, kuma har ya yi ritaya ɗalibinsa bai taɓa barin layi ba sai da izininsa, ko ana ruwa, ko ƙasa na girgiza. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Mai karya ta ya ɗanɗana kuɗarsa.

Mai shagon ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ya kawo shayi, ya yi tayin sabon kimono. Malam Onodera ya ture kofin. Abu ɗaya yake so: a fito da wadda ta shirya yarinyar, a sallame ta a gabansa.

Mai shagon ya roƙa. Ya ce matar, Mitsue, ba ta da kowa a garin nan, guga ne aikinta, kuma ba ta taɓa yarda ta shirya yara ba. Yau cunkoso ya sa ya tilasta mata.

"Kaka, ka bar ta mana," in ji Chiharu. "Har taje mini kai ta yi, tana cewa wai na sha sanyi."

"Da zafin nan? To ga hauka kan ganganci."

Aka kira matar. Ta fito da furfura, ta durƙusa.

"Barka da rana, Malam."

Harshenta na mutanen arewa ne, kuma ta gaishe shi kamar yadda ake gaida malamin makaranta, alhali ba wanda ya gaya mata aikinsa. Fushi bai bar shi ya lura ba. Ya ce ko ɗan ajin farko ya san hagu ke hawa kan dama, me ya hana ta?

Mai shagon ya ce ta tattara kayanta. Ta cire ƙyallen aikinta, ta ninke shi tsaf, sai a lokacin ta ɗago ido.

"Hannu ne ya tuna, Malam. Rabona da sa wa yarinya kimono tun ranar da teku ya dawo mini da gawar 'yata Kotone, ɗalibarka, wadda da ƙasa ta girgiza ta ce maka a gudu kan tudu kafin ruwa ya taso, ka ce ta koma layi."