Wanda Ya Rage wa Babur Tsawo

Babu babur a zaure yanzu, babu kuma mai shi. Abin da ya rage ɗigon baƙin mai ne a kan siminti, wanda uwar marigayin ta hana a wanke.

Guntu ake ce masa, ɗan mai walda, shi kaɗai Allah ya ba su. Gajere ne tun tasowarsa. Duk wandon da ya saya sai uwarsa, wadda tela ce, ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta rage masa ƙafa. Amma da ya tashi sayen babur sai ya ɗauko irin manyan nan na shan iska: dogo, mai nauyin saniya, matakan ƙafa can gaba, inji yana gurnani kamar hadari. Irin wannan babur ba don tsere aka yi shi ba. A miƙaƙƙiyar hanya babu kamarsa, a kwana kuwa sai an lallaɓa shi.

Kujerar ba ta da bisa, amma faɗi gare ta, don haka da kan yatsu Guntu yake tsayawa. Abokan hawansa suka samu abin yi, musamman wani da ake kira Dogo. "Guntu, a kawo maka tsani ne?" Wata rana ma babur ɗin ya kayar da shi a ƙofar gida, ya danne masa ƙafa, a gaban iyayensa.

Sai ya yi wata tafiya ta aiki, ya bar babur a zaure. Da ya dawo ya hau, tafin ƙafarsa ya zauna daram a ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ka gani? Ya fara sanin mai shi."

Ba a daɗe ba, a kwanar gadar da yake bi kullum, babur ɗin ya watsar da shi. Ko asibiti bai kai ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Mai walda bai musa ba, amma ya sa aka kai masa gawar babur ɗin shago, ya kwantar da ita ya duba. Birki lafiya. Taya lafiya. Sifirin na baya kuwa ba na kamfani ba ne, gajeru ne. Wani ya sauke babur ɗin ƙasa. Da Guntu ya kwanta a kwana kamar yadda ya saba, ƙarfen ƙarƙashin babur ɗin ya ci kwalta, ya ɗaga tayar baya sama.

Daga ranar mai walda ya daina barci sosai. Bayan kowace salla sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hannu. "Wanda ya sa aka taɓa babur ɗin nan, Allah kada ka ba shi kwanciyar hankali. Allah ka ɗanɗana masa abin da muka ɗanɗana." Daga ɗaki, inda keken ɗinki ke rufe da zane tun ranar jana'iza, matarsa takan amsa, "Amin." Ba ta taɓa fashi ba. Wannan amin ɗin ce take ƙara masa ƙarfi.

Da Dogo mai walda ya fara, ya je ya shaƙe shi.

"Baba, wallahi ni baki kawai gare ni," in ji Dogo, idonsa ya firfito. "Ko fulogi ban iya kwancewa ba."

Mai walda ya sake shi. Ya jefa sifirin ɗin a buhu tare da wata sandar ƙarfe da ya yanka daidai hannunsa, ya shiga bin gareji-gareji. Aiki ya tsaya, kwastomomi suka watse, bai damu ba. In ya dawo, matarsa takan dubi buhun kafin ta dubi fuskarsa.

A bayan kasuwar katako ya samu wani tsohon bakanike mai gyaran manyan babura. Ya zazzage buhun a gabansa. Tsohon ya ɗauki sifirin ya juya shi.

"Aikina ne. Na jan babur ko? Mai shi yana jin daɗinsa?"

"Ya mutu."

Tsohon ya yi salati. Sannan ya ga sandar, ya ja baya har ya jingina da bango.

"Ɗan'uwa, tsaya. Ni ko ganin yaron ban taɓa yi ba. Gida aka kira ni, ya yi tafiya. Aka ce ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ana tsoron ya sake faɗuwa. Na ce a gaya masa ya riƙa bin kwana a hankali, don cikin babur zai kusanci kwalta. Aka ce in ya sani zai ji kunya, cewa zai yi an mai da shi yaro."

"Wa ya ce?" Sandar ta riga ta tashi.

"Ban tambayi suna ba. Amma awon ƙafarsa aka ba ni in yi aiki da shi, na manta na taho da shi. Ga shi can."

Mai walda ya bi yatsan tsohon da ido zuwa wata ƙusa a jikin bango. Sandar ta faɗi da kanta.

Jama'a, ku taya shi roƙon Allah ya mai da duk bakin da ya yi a tsakar gida ya bi iska, domin abin da ke rataye a ƙusar nan tef ɗin awo ne mai ƙunar dutsen guga a gefe ɗaya, wanda ya shekara da shekaru yana gani a wuyan mai amsa masa amin.