Inda Ƙorafin Mata Ke Sauka

Layi na goma sha bakwai ne ya tsayar da hannun Kurata Shiori.

Kamfanin zai sauya masu riƙe masa shafin intanet, aka ce ta bi layukan da ke allon sarrafa shafin ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu aiki daga matattu. Kowane layi kwatance ne, shi ke nuna wa saƙo ƙofar da zai shiga. Na goma sha bakwai na akwatin ƙorafi ne, adireshin nan da aka manna a ɗakin canza kaya tare da alkawarin cewa lauyar waje kaɗai ke karantawa. Amma lambar da ke gabansa ba ta ofishin lauya ba ce. Ta wata kwamfuta ce a hawa na uku, kan teburin Ogasawara, shugaban sashen girki.

Jiya Litinin Shiori ta aika nata ƙorafin a kan Ogasawara ta wannan adireshin. Da cikakken sunanta.

Mata ɗari uku ke cika akwatunan abincin rana a wannan masana'anta ta Osaka, kuma kowace ta san irin bakin Ogasawara da irin hannunsa. A shekara biyun da Shiori ta yi a nan, tara sun yi ƙarfin hali sun rubuta. An mayar da huɗu ɗakin sanyi har yatsunsu suka daina lanƙwasuwa. Sauran biyar ba a sabunta musu kwantiragi ba. Kowa ya ce rashin sa'a ne.

Ba ta ji takun Ogasawara ba sai da inuwarsa ta faɗo kan allon. Ta rufe shafin.

“Kurata-san, kin rame,” in ji shi, yana ajiye mata alawa a gefen kwamfuta. “Ko rubutu ne ya yi miki yawa kwanan nan?”

Ta miƙe, ta rusuna, ta yi godiya.

Gyara layin ba zai ci daƙiƙa goma ba. Sai dai a wannan gida ba a taɓa layi sai da takarda mai hatimi uku, kuma wanda aka miƙa wa takardar ba ya tambaya, buga layin kawai yake yi a kwamfuta. Takardun kuwa ana niƙa su a ƙarshen kowane Maris. Masu riƙe shafin ne kaɗai ke ajiye sunan wanda ya buga. Ta bar layin yadda yake, ta ɗauki hotonsa da wayarta.

Da hutun rana ta tafi bayan tashar jirgin ƙasa ta kira lauyar, Iwabuchi. Matar ta ce shekara biyu ko saƙo ɗaya bai iso mata ba, har tana yaba wa kamfanin da zaman lafiya. Za ta nemi tarihin layin daga masu riƙe shafin a hukumance, amma sai Juma'a zai fito.

Kwana uku Shiori ta yi tana cin shinkafarta a banɗaki. Duk wayar da ta yi ƙara a ofis, sai ta ɗauka kiran sallama daga aiki ne. Mutum huɗu ne ke da izinin shiga allon, kuma zuciyarta ta tsaya a kan Nagase, shugaban sashenta, abokin shan giyar Ogasawara. Da ya gaishe ta ranar Laraba, da ƙyar ta amsa ta wuce.

Tsoron bai hana ta bin matan tara gida gida ba. Bakwai suka yarda za su zo. Tsohuwa Tomita, wadda ɗakin sanyi ya cinye wa yatsu biyu, ta dube ta sama da ƙasa a bakin ƙofa.

“Ke 'yar boko, in sunan wani babba ya fito fa? Rusuna masa za ki yi, kamar yadda kuka saba.”

“Ko na wane ne, Inna, da ƙafata zan kai shi ofishin ƙwadago,” in ji Shiori. “Kuma kada ya ce mini umarni aka ba shi. Yana da ido, yana da baki. Da ya tambaya.”

Ranar Juma'a da hantsi suka cika ƙaramin ofishin Iwabuchi, wasu a kujera, wasu a tsaye da jakunkunansu a ƙirji. An riga an yage bakin ambulan ɗin da tarihin layin ya zo a ciki. Lauyar ta zuba wa kowa shayi, ta ƙi haɗa ido da Shiori, sannan ta tambaye ta a hankali ko za ta so su fara dubawa su biyu a ɗaya ɗakin.

Shiori ta ce a'a. An gama yi wa matan nan ɓoye-ɓoye. A gabansu za a karanta.

Ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta ɗaga murya yadda ta bakin ƙofa ma za ta ji. Layi na goma sha bakwai. An ƙirƙire shi shekara biyu da suka wuce, ɗaya ga Afrilu, ƙarfe tara da minti arba'in na safe, ranar da sababbin ma'aikata ke fara aiki cikin baƙaƙen kwat, suna karɓar duk abin da aka miƙa musu da godiya.

Ta kai yatsa kan gurbin ƙarshe, inda aka rubuta wanda ya buga, matan bakwai suka matso.

Sunanta ne.