Kurtun da Ƙafar Dama Ta Riga Shi

Ga ta nan, ga ta nanku. Tunda kun ce ta zo, to ku gyara zama.

A wata shekara da yaƙi ya yi zafi, aka zo ɗibar soja a wani ƙauye. Wani saurayi ya ba da sunansa. Yayansa, manomi ne da ya ba arba'in baya, ya rage shekarunsa ya bi shi, ba don sha'awar kaki ba. Tsohuwarsu ce ta riƙe masa hannu a bakin zaure ta ce, "Duk inda aka kai ƙaninka, idonka na kansa." A bariki aka gaya musu ƙa'ida: wata biyu ana horo, wanda ya iya fareti ya shiga jirgin ƙasa da 'yan rukuninsa, wanda bai iya ba ya jira ɗiba ta gaba.

To, fareti da ƙafar hagu ake fara shi. Shi kuwa manomin nan tun yana koyon tafiya aka sabar masa da dama. Da ita yake shiga masallaci, da ita yake fara sa takalmi, da ita yake fita gona. Hagu ta shiga bayan gida ce. Saje ya daka tsawa, "Lef, rai!", mutum tamanin su ɗaga hagu, shi kaɗai ya ɗaga dama, ya take dugadugan na gabansa, sahu ya wargaje. Ƙanen kuwa cikin kwana uku ya iya.

"Kai, Baba Dama!" in ji saje. "Ƙafar nan taka ce, ko aro ka yi a kasuwa?"

Duk ranar da ya ɓata sahu, rukunin gaba ɗaya ake sa wa tsallen kwaɗo, don haka aka daina zama kusa da shi wajen cin abinci. Ƙanen ma kunya ta sa ya koma can ƙarshen ɗaki. Sai manomi ya riƙa fita da tsakar rana, lokacin da kowa ke kwance a inuwa, ya ɗaura tsumma a ƙafar hagu, ya tsaya a filin fareti yana ba kansa umarni yana bi. Daga shi sai inuwarsa, sai shirwa a sama. Ya yi ta yi har ya iya. Mako biyu cur bai kuskure ba.

Ranar gwaji babban hafsa ya zo, jirgi na tsaye a tasha yana huci. Manomi ya ji kukan jirgin, zuciyarsa ta ce masa yau ba koyo ba ne, tafiya ce ta gaske, irin wadda ba kowa ke dawowa ba. Bakinsa ya yi bisimilla, kamar kullum in zai bar gida. Kafin saje ya rufe baki, damar ta fita da kanta.

Aka cire shi daga sahu. Ya tsaya a bakin shingen waya yana kallo har ƙaninsa ya wuce, bindiga a kafaɗa, bai waiwayo ba, don soja a fareti ba ya waiwaye. Saje ya zo ya tsaya gefensa.

"Baba, ka iya fa," in ji saje. "Na gan ka da ranar nan."

"Ni na iya, Saje. Ita ce ba ta iya ba."

Ya juya ya nufi ɗakin kwanansu, gado tamanin, shi kaɗai.

Abin da manya ke faɗi ke nan: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.