Wutar da Ta Ƙi Mutuwa

Safiyanu ya sake kunna bakin dunƙulen makamashin da ya haɗa, ya tsuguna yana hararsa. Ɓawon gyaɗa ne ya daka, ya cuɗa da kashin shanu, ya matse shi dogo kamar taɓarya.

Lissafin da ya cinye masa shekaru a inibasite magana ɗaya yake yi: in dunƙule bai gama bushewa ba, wuta za ta fara ci daidai, in ta kai tsakiya ta karkace, ta mutu. Saura a gani da ido. Malaminsa kuwa ya gaya masa, in gwaji bai bi lissafi ba, babu digiri bana.

Shi ya sa ya dawo Cadawa, gidan kakarsa Zaituna, inda ɓawon gyaɗa yake tuli. Gida ne da maƙwabta suka saba zuwa ɗibar wuta. Tsohuwar takan zauna a inuwa da faifanta tana tsintar wake, tana tsokanarsa, wai mijin nata ya je birni ya koyo kallon hayaƙi.

Wutar ba ta da sauri. Yakan kunna da hantsi, ya yi ta gadi har a kira azahar, ya tafi masallaci. Kullum ya dawo sai ya tarar ta wuce tsakiya lafiya lau, bakinta a miƙe, tana ci abinta.

Ya ƙara wa dunƙulen laima, ta ci. Ya kewaye shi da zana saboda iska, ta ci. Bawan Allah ya rame, tuwo ma ya daina shiga. Zaituna ta fara kukan ciwon kafaɗa, amma shi ta kansa yake yi.

Ranar da ya haƙura, ya zauna gaban tokar ya latsa lambar malaminsa, zai ce masa lissafin banza ne, a cire sunansa daga masu digirin bana. Waya na ƙara a kunnensa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Tausayi ya kama tsohuwa. Ta matso, ta dafa shi.

"Haba maigida, kan wannan raguwar wutar za ka yi kuka? In dai ina raye ba za ta ba ka kunya ba. Kullum ka tafi salla sai ta karkace tana neman mutuwa, ni ke fifita maka ita da faifaina."